Wa Ya Faɗa, Kuma A Wane Littafi? Nazari A Kan Wani Ɗan Littafin Azumi

  

Ya ƴan'uwa masu sallah a wannan masallaci, da ku ɗalibanmu na madarasa: tun da watan Sha'aban ya kama, akwai wani ɗan littafi na Hausar boko da ke ta yawo a hannun jama'a. Ana sayar da shi a bakin masallaci bayan an sauko Juma'a, wajen masu casbi da turare, dala arba'in kacal. Magana yake yi a kan falalar azumi da hukunce-hukuncensa. Mata sun saya, yara sun saya, wasu ma sun ɗauki hoton shafukansa suna turawa ta WhatsApp. Ɗalibai da dama sun kawo mana shi suna tambaya: Malam, a karanta ko a ajiye? To, mun zauna mun karanta shi daga bango zuwa bango, da littattafan ɗakin karatun masallaci a gefenmu, kuma abin da muka gani shi za mu faɗa a nan.

Ba za mu ambaci sunan mai littafin ba, domin aibin da za mu nuna ba nasa ne shi kaɗai ba. Mu ma da hannunmu a ciki, kamar yadda za ku ji nan gaba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Mu fara da alherinsa, don yana da shi. Hausar littafin mai daɗi ce, ba ta da ƙaƙale, tsohuwar da ta yi yaƙi da jahilci ma za ta karanta ta gane. Babin abubuwan da ke karya azumi, da wanda ramuwa ta hau kansa, da wanda kaffara ta hau kansa, da hukuncin mai ciki da mai shayarwa da tsohon da ba ya iyawa, duk ya zo da su bisa abin da muka sani a mazhabar Imamu Malik. Ya yi gargaɗi mai kyau a kan gulma da kallon banza da rana, ya kuma tunatar da zakkar fid-da-kai tun da wuri. Allah Ya saka masa da alheri a kan wannan.

Aibinsa guda ne, amma ya ratsa littafin tun daga farko har ƙarshe: ba ya gaya wa mai karatu inda ya samo maganarsa. Inda kuma ya faɗa, sau da yawa bai faɗa daidai ba. Ga misalai, kowane da irin ɓarnar da yake jawowa.

Gaskiyar da ba ta da madogara

A shafukan farko mai littafin ya ce niyya guda a daren farko ta isar wa mutum azumin wata duka, matuƙar bai yanke azumin da tafiya ko rashin lafiya ko haila ba. Sai ya rufe da cewa haka malamai suka ce. Maganar daidai ce. Tana nan a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, a babin azumi, kuma duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta wurin. Amma waɗanne malamai? Mai karatu ba zai sani ba.

Ga abin da rashin sanin ya haifar. Wani saurayi daga cikin ɗalibanmu ya ji a wani karatu ta waya cewa dole ne a sabunta niyya kowane dare. Wannan ma magana ce ta malamai, ita ce mazhabar Imamu Shafi'i. Sai yaron ya je gida ya ce wa mahaifinsa azumin da ya shekara arba'in yana yi akwai matsala a cikinsa. Dattijon ya ɗauko ɗan littafin nan ya nuna masa, yaron ya ce: “Baba, ai nan ba a faɗi ko wane malami ba ne, ƙila ma mutumin ne ya ƙirƙiro.” Ran dattijo ya ɓaci ƙwarai. Sai da suka zo masallaci aka buɗe musu Risala, aka kuma bayyana musu cewa saɓani ne na fahimta tsakanin manyan limamai tun fiye da shekara dubu, sannan hankalin kowa ya kwanta. Da a ce mai littafin ya ƙara kalmomi huɗu, “Risala, a babin azumi”, da wannan ɓacin rai bai shiga gidan ba. Gaskiya in ta zo ba sunan mai ita, kowa yana iya ture ta da ƙafa.

Sunan da aka ɗora ba a wurinsa ba

A babin buɗa-baki ya kawo addu'ar nan da kusan kowa ya haddace tun yana yaro, wadda mai azumi ke shaida cewa don Allah ya yi azumi kuma da arzikinSa ya buɗe baki. Ƙarƙashinta ya rubuta cewa Buhari ne ya ruwaito. Mun duba Kitabus Saumi na Sahihul Buhari, babi bayan babi, ba ta ciki. Inda take shi ne Sunan na Abu Dawuda, wanda ya rasu a 275, ta hanyar wani tabi'i mai suna Mu'azu ɗan Zuhra, wanda ya ce labarin ya iso masa ne. Tabi'i bai ga Annabi (SAW) ba, saboda haka akwai giɓi a tsakani, irin hadisin da malamai ke kira mursali. A wannan babin dai Abu Dawuda ya kawo wata addu'ar daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, mai maganar gushewar ƙishirwa da tabbatar lada, wadda Daraƙuɗuni ya ce isnadinta kyakkyawa ne. Wannan kuwa ba ta cikin ɗan littafin sam.

Ba muna cewa wanda ya karanta addu'ar farko ya yi laifi ba ne. Addu'a ce mai kyakkyawar ma'ana, kuma manyan malamai sun kawo ta a littattafansu. Laifin shi ne ɗora ta a kan Buhari. Imamu Buhari, wanda aka haifa a 194 ya rasu a 256, ya gindaya wa Sahihinsa sharuɗɗa masu tsanani, shi ya sa in an ce Buhari sai zuciya ta natsu. Wanda ya ɗauki wannan suna ya manna wa abin da ba ya cikin littafin, ya ci amanar Buhari, ya kuma ci amanar mai karatu, ko da bai yi nufin haka ba. Mu ƙara da wani abu da ɗalibai ya kamata su riƙe: Buhari yana da wasu littattafai ban da Sahihi, kamar Al'adabul Mufrad da Attarikhul Kabir, kuma bai sa musu sharaɗin Sahihi ba. In hadisi daga ɗayansu ya fito, wajibi ne a faɗi sunan littafin, domin in aka ce “Buhari” aka yi shiru, kowa Sahihi zai ɗauka.

Gargaɗin da aka yanke

Wannan shi ya fi ba mu tsoro, domin a ido kamar an cika amana. Mai littafin ya kawo hadisin nan da ake yawan ji a huɗubar ƙarshen Sha'aban, wanda ya raba Ramadan kashi uku: farko na rahama, tsakiya na gafara, ƙarshe na ƴantawa daga wuta. Ya ce Ibnu Khuzaima ne ya ruwaito shi a Sahihinsa daga Salmanul Farisi. Haka ne, yana ciki. Sai dai Ibnu Khuzaima, wanda ya rasu a 311, bai kawo shi haka kawai ba. A kanun babin ya rataya maganar da sharaɗin in labarin ya inganta, wato shi da kansa yana da kokwanto, kuma ya sanar da mai karatu. Dalilinsa a fili yake: a cikin isnadin akwai Aliyu ɗan Zaidu ɗan Jud'an, wanda malaman hadisi irin su Imamu Ahmad da Yahaya ɗan Ma'in suka raunana saboda haddarsa.

Ku duba abin da ya faru. Malami ya ajiye kaya ya kafa alama a kai cewa a yi hattara. Wani ya zo ya cire alamar, ya ɗauki kayan, ya ce ai daga shagon wane na samo. Bai yi ƙarya a kan shagon ba, amma ya ɓoye abin da mai shagon ya fi so a sani. Kuma ba ƙaramin abu aka rasa ba. Abin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Abu Huraira yana nuna cewa a kowane dare na Ramadan Allah Yana ƴanta bayi daga wuta, tun daga daren farko. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito alkawarin gafara ga wanda ya azumci watan da imani da neman lada. Sau nawa muka ji mutum yana cewa bari dai goman ƙarshe ta zo ya dage? Hadisin da ya tabbata ya fi faɗin rahama a kan wanda ake ta yaɗawa.

Abin da ba shi da asali

A tsakiyar littafin akwai shafuka da suka jera falalar sallar asham dare bayan dare, daga na ɗaya har na talatin, kowane dare da irin ladansa, an jingina ga Sayyidina Aliyu daga Annabi (SAW). Kalmar “an ruwaito” kaɗai ce a samansa. Wannan jerin ba ya cikin littattafan nan shida, ba ya cikin Muwaɗɗa, ba ya cikin Musnadin Ahmad. Inda aka san shi shi ne wani littafin wa'azi mai suna Durratun Nasihina, wanda aka wallafa a ƙarni na 13 na Hijira, kuma can ɗin ma ba isnadi a tare da shi. Maganar da ta ɓulla shekara dubu da ɗoriya bayan Annabi (SAW), ba wanda ya ce na ji daga wane, ta ina za a kama ta?

Shafin ƙarshe kuwa wasiyyar nan ce ta wani wai Shehu Ahmad mai hidimar ɗakin Annabi (SAW) a Madina, wanda aka ce ya yi mafarki, da alkawarin arziki ga wanda ya kwafa ya raba, da barazanar masifa ga wanda ya ƙi. Dattawanmu sun san ta tun ana rubuta ta da tawada. Shehu Rashid Rida, wanda ya rasu a 1935, ya ƙaryata ta a mujallarsa Almanar, ya ce tun yana yaro mai koyon rubutu yake ganin irinta. Takardar da ke tsorata ka don ka yaɗa ta, ba ta yarda ka tsaya ka tambayi asalinta ba, wannan kaɗai ya isa ya sa ka tsaya.

Gumin wani

Babin da ya fi kowane daɗin karatu a littafin shi ne wanda ya kasa azumi hawa uku: na gama-gari masu kame ciki da farji, da na keɓaɓɓu masu kame ido da kunne da harshe da sauran gaɓɓai, da na keɓaɓɓun keɓaɓɓu masu kame zuciya daga duk abin da ba Allah ba. Wata ɗaliba ta ce mana wannan babin ya sa ta kuka. Ai dole. Maganar Imamu Gazali ce, wanda ya rasu a 505, daga babin asiran azumi a Ihya'u Ulumid Din. Mai littafin ya fassara ta da kyau, amma bai ambaci Gazali ko sau ɗaya ba. Saboda haka wasu suka ɗauka tasa ce, wasu kuma, abin da ya fi muni, suka ɗauka hadisi ne, don ta zo tsakanin hadisai biyu ba wata alama da ta raba su.

Imamu Ƙurɗubi, bamalike, wanda ya rasu a 671, ya faɗa a gabatarwar tafsirinsa cewa sharaɗin da ya ɗora wa kansa shi ne ya mayar da kowace magana ga mai ita, kowane hadisi ga wanda ya fitar da shi, kuma ya ambaci cewa ana ganin yin haka yana daga albarkar ilimi. In an ambaci Gazali, ɗalibar nan za ta yi masa addu'a, wataƙila wata rana ta nemi Ihya ta karanta sauran. Da aka ɓoye sunansa, an tauye masa haƙƙi, ita kuma an rufe mata ƙofa.

To, ai niyyarsa alheri ce

Mun san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mana a zaure: Malam, mutumin nan so yake a yi ibada, mene ne na tsanantawa? Kuma ai malamai sun yarda a yi aiki da hadisi mai rauni a falalar ayyuka.

Maganar farko, littattafan musɗalahul hadis sun kawo labarin Nuhu ɗan Abi Maryam, wanda aka tambaye shi daga ina ya samo hadisan falalar surorin Alƙur'ani sura bayan sura. Ya amsa cewa ya ga mutane sun bar Alƙur'ani sun koma wa fiƙihu da labaran yaƙe-yaƙe, shi ne ya ƙaga su don neman lada. Niyyarsa a ganinsa alheri ce, amma har yau sunansa yana cikin jerin maƙaga hadisi. Gargaɗin Annabi (SAW) ga wanda ya yi masa ƙarya da gangan yana daga hadisan da sahabbai masu yawa suka ruwaito, Buhari da Muslim duk sun kawo shi, kuma bai ware mai kyakkyawar niyya ba. Ba muna cewa mai wannan littafi ya ƙaga komai ba. Mun fi kyautata zaton ya kwafo ne daga wanda ya kwafo. Amma Imamu Muslim a gabatarwar Sahihinsa ya kawo hadisi da ke nuna cewa mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, wannan ma ya ishe shi zama maƙaryaci. Alƙur'ani kuma ya yi umarni da bin diddigin labari a Suratul Hujurat aya ta 6, ya hana bin abin da ba a da sani a kai a Suratul Isra'i aya ta 36.

Maganar ta biyu gaskiya ce, malamai da yawa sun yarda, ciki har da Imamu Nawawi. Amma da sharuɗɗa. Sakhawi ya naƙalto guda uku daga malaminsa Ibnu Hajar a littafinsa Alƙaulul Badi'i: kada raunin ya yi tsanani, aikin ya kasance yana da asali tabbatacce a shari'a, kuma mai aikin kada ya ƙudurta cewa lallai Annabi (SAW) ya faɗa. To, ta yaya mai karatu zai cika sharaɗi na uku in ba a gaya masa hadisin mai rauni ne ba? Waɗanda suka yi sassaucin ma ba su yarda a ɓoye raunin ba. Nawawi da kansa, a gabatarwar Almajmu'u, ya ce in hadisi mai rauni ne kada a kawo shi da lafazin yankewa irin “Annabi ya ce”, a kawo shi da lafazi irin “an ruwaito”. Wato a wurinsu “an ruwaito” alama ce ta hattara. A ɗan littafinmu kuwa an sa ta a kan hadisin Buhari, an sa ta a kan ƙagagge, duk kuɗinsu ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kada wani ya ɗauka maganar madogara ta ƴan boko ce, ko ta wata ƙungiya ban da wata. Ba maganar ɗariƙa ko Izala muke yi ba. Gadon kowa ne. Muslim ya kawo daga Muhammadu ɗan Sirin, wanda ya rasu a 110, cewa da farko ba a tambayar isnadi, sai da fitina ta auku aka fara cewa kowa ya ambaci mutanensa. Ya kuma kawo daga Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a 181, cewa isnadi yana cikin addini, don ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Ku duba littattafan da ke hannunku. Arba'una Hadisan na Nawawi, da yara ke haddacewa, hadisai 42 ne, kowane ɗaya da sunan sahabin da ya ruwaito da littafin da ya fito. Bulugul Marami na Ibnu Hajar haka yake, har yakan faɗi wanda ya inganta da wanda ya raunana. A Muwaɗɗa, in Imamu Malik ya ji daga Nafi'u daga Ibnu Umar sai ya faɗa. In kuma labari ya iso masa ne ba da cikakken isnadi ba, sai ya ce ya iso masa, bai yi masa kwalliya ba. Saboda ya faɗi gaskiyar halin da suke ciki, Ibnu Abdil Barri, wanda ya rasu a 463, ya samu damar bin sawunsu a Attamhid har ya sadar da su, ban da guda huɗu. Ihya ɗin Gazali ma, da yake akwai hadisai masu rauni a ciki, Hafizul Iraƙi, wanda ya rasu a 806, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu, kuma yawancin bugun Ihya da ke kasuwa suna ɗauke da aikinsa a ƙasan shafi. Ba wanda ya ce Iraƙi ya raina Gazali. Hidima ya yi masa.

A ƙasarmu ma haka magabata suka yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru a Agadas, in ka buɗe Ihya'us Sunna nasa za ka ga yana ambaton Sahihul Buhari da Madkhal na Ibnul Hajji da sauransu da sunayensu, in maganar da ya ɗauko ta ƙare ya sa alamar ta ƙare, don kada ta cakuɗe da tasa. Ƙanensa Shehu Abdullahi ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta wurin kowane. Mutanen da ke rubutu da alƙalamin kara, takarda tana tsada, ba su ga ambaton madogara ɓata wuri ba ne. Mu da injin buga takarda ke bakin kasuwa, wane uzuri gare mu?

Ko a kasuwar dabbobi, mai hankali ba ya sayen ragon layya hannun wanda ba a sani ba. Yakan bi ta wurin dillalin da ya san mai shi, don in an zo cigiya gobe ya nuna dillali, dillali ya nuna mai rago. Abin da muke yi wa rago, maganar Manzon Allah (SAW) ta fi cancanta da shi.

Namu laifin, da abin da muka ɗaukar wa kanmu

A fitowar wannan takarda ta azumin bara, mun kawo hadisin nan da ke haɗa azumi da samun lafiya, muka ce Annabi (SAW) ya faɗa, muka yi shiru. Da muka koma muka duba, Ɗabarani ne ya kawo shi a Al'ausaɗ, kuma Iraƙi ya ce isnadinsa mai rauni ne. Mun yi kuskure, muna neman gafarar Allah, muna kuma roƙon wanda ya ɗauka daga gare mu ya isar da wannan gyara inda ya isar da na farko.

Daga yau, duk hadisin da zai fito a wannan takarda zai zo da sunan sahabin da ya ruwaito shi, da littafin da ya fito, da babin, da matsayinsa tare da sunan malamin da ya yi hukuncin. Mun zaɓi babi a kan lambar shafi, saboda shafi yana canzawa daga bugu zuwa bugu, babi kuwa yana nan inda yake. In ba mu ga hadisin a asalin littafin da idonmu ba, a Riyadus Salihina muka gan shi misali, za mu ce daga Riyadu muka ɗauko, shi kuma ya jingina ga Muslim. Za mu raba fassarar hadisi da sharhinmu, kowane a layinsa. In daga bakin malami mai rai muka ji, za mu ambace shi da izininsa. Abin da muka nema muka rasa asalinsa kuwa ba zai shiga ba, komai daɗinsa. Ibnu Abdil Barri ya kawo cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, kuma wannan bai rage masa komai ba.

Ku kuma ɗalibai, ku koyi tambaya, amma da ladabi. In dattijo ko limami ya kawo hadisi, ba a tsakiyar jama'a ake tare shi ba. A bari a watse, a durƙusa a gaishe shi, a ce: “Allah Ya gafarta Malam, ina son in rubuta wannan hadisin, a wane littafi zan same shi?” Malamin kirki zai ji daɗin wannan tambaya. Wanda ya mayar da neman madogara sandar dukan iyayensa, shi ma ya bar hanya, don Ibnu Mubarak da Nawawi ba don a kunyata tsofaffi suka yi wannan aiki ba. Kafin kuma ka tura saƙo a waya, duba ko akwai sunan littafi. In akwai, ka zo ɗakin karatu bayan La'asar mu buɗe tare. Littattafan nan don ku aka saye su.

Amsar tambayarku ke nan: babin hukunce-hukunce na ɗan littafin a karanta shi, da Risala a gefe. Babin hawa uku na azumi a karanta, a rubuta sunan Gazali a samansa. Addu'ar buɗa-baki a gyara sunan, a sa Abu Dawuda. Shafukan falalar asham dare-dare da wasiyyar ƙarshe kada a karanta wa jama'a, kada a tura wa kowa. In wannan takarda ta isa hannun mai littafin, muna yi masa sallama ta ƴan'uwantaka, muna roƙonsa ya sake buga shi da madogara. Ƙofarmu a buɗe take mu taya shi dubawa, kuma mu ne za mu fara saye.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga faɗin abin da ManzonSa bai faɗa ba, Ya kai mu Ramadan lafiya Ya karɓa mana. Allah ne mafi sani.